Wa Zai Soya Kifin Bana?

Filey, 4 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga Wilf,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin Aberdeen bai gama da kai ba. Ni da sauƙi, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun kafin mai labarin yanayi ya buɗe baki. Likita ya ce in riƙa tattaki a bakin teku kullum. Na ce masa shekara saba'in da ɗaya ina kallon tekun nan, ban ga wanda ya warkar ba.

Yau wata bakwai da rasuwar maigidana Arnold. Furannin da ka aiko sun iso, ko da yake sai da suka yi kwana uku a tagar maƙwabciyata Misis Pugh kafin, wai, ta lura da sunana a jiki.

Da ka yarda an sa maka waya da ban wahalar da hannuna ba, amma na san taurin kanka. Ga dalilin takardar. Na yanko maka labari daga jaridar Asabar: mutumin da ke fitowa a Mista Birtle cikin wasan talabijin ɗin nan namu, Kifi da Dankali, zai ajiye aiki bayan shirin Kirsimetin bana. Shekara talatin da huɗu yana tsaye bayan kaskon nan yana ƙirga wa mutane soyayyen dankali ɗaɗɗaya! Sun ce ba za su rufe shagon ba, wani za su ɗauko ya sa farar rigar, kuma jarida na so masu karatu su faɗi wanda ya dace. A dangin Arnold kai kaɗai ka rage da zan yi wannan magana da shi, duk da sai an hau tsani ake gano inda kuka haɗu, tun da kakarsa da kakarka ne 'yan ɗaki ɗaya.

Ni mahaucinmu na zaɓa, Mista Sugden. Jiya ya ɗora min nama a sikeli, ya duba, ya sa wuƙa ya cire wata 'yar tsoka da ba ta fi farce ba. Na ce, "Haba Mista Sugden, wannan ɗin fa?" Ya ce, "Wannan rabon wani ne, Misis Hepworth." Ka ga wannan ai ba sai an koya masa komai ba.

Na tuno ku bara ranar Kirsimeti, kai da Arnold a doguwar kujera da hulunan takarda a ka, kuna dariya har taka ta faɗa cikin shayi. Shekara ashirin da biyu ke nan ba ka fasa zuwa mana Kirsimeti ba.

Ranar Lahadi na gasa kek ɗin Kirsimeti. Hannu ya saba, sai da na fito da shi na ga na yi girman kowace shekara, na mutum uku. Yana nan cikin gwangwani a saman kabad.

Taka,
Enid

Aberdeen, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Enid, matar yayana,

Takardarki ta same ni lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ni ƙalau nake. Haƙorina ɗaya ya fita a cikin burodi ranar Talata, ban yi kewarsa ba, dama ba ya aikin komai.

Na karanta labarin, kuma zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba mahauci ba, ko wa za su ɗauko aikin banza ne, don shirin nan ya mutu tun 1985, binne shi ne kawai aka manta. Kifi da Dankali na gaskiya shi ne na zamanin Horace mai gawayi, musamman shekarun da hoto bai da kala. Mutum uku: Birtle na ƙirga dankali, ƙanwarsa Doreen na naɗe kifi a jarida, Horace ya shigo cikin kwat ɗin jana'iza da fure a hannu zai nemi aurenta. Ya cire hula, ya gyara murya, ya buɗe baki, ita ko ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da gishiri ko babu?" Sai ya ce, "Da gishiri, Doreen." Ya karɓi kifinsa ya fita da furensa. Shekara ashirin da ɗaya yana haka, kuma ba ranar da ban yi dariya ba.

Da mai fitowa a Horace ya rasu me suka yi? Suka ce wai ya tafi Hull wurin ƙanwarsa. Hull! Mil nawa ne? Shekara goma sha uku ba ko kati. Sannan suka kwaso mana wani Gavin daga Landan, da sarƙar zinariya da gashi kamar an lashe shi. Tun daga nan ban riƙe ko kalma ɗaya ta shirin ba, baki kawai nake gani yana motsi.

Na yi shekara talatin a ɗakin injin jirgi, na san abu ɗaya: abin da aka ƙera don ya tsaya da ƙafa uku ba ya tsayuwa da biyu. In ɗaya ya tafi, mutuncin sauran biyun shi ne su yi musabaha kowa ya kama gabansa. Ya fi su zauna suna kallon kujerar da ba kowa, suna neman abin faɗi.

Batun kek kuwa, ya yi miki yawa. Ki yanka ki kai wa matan coci.

Naki,
Wilf

Filey, 19 ga Oktoba

Wilf,

Ina gaisuwa. Gwiwa na nan yadda take. Allah ya jiƙan haƙori.

Na karanta takardarka sau uku. Na ji batun ƙafa uku, na ji na matan coci. Shi ke nan.

Amma Doreen ba zan bari ka taka ta ka wuce ba. A zamanin naka mai daɗi me aka ba ta ta faɗa? Tambayar gishiri. Shekara ashirin da ɗaya mace na tsaye cikin turirin mai, maza biyu na cinye duk maganar. Sai bayan tafiyar Horace aka gano ashe tana da baki. Ka manta ranar da kaskon ya lalace, ba ciniki, ita da Birtle suka zauna a kan buhun dankali? Ya ce, "Doreen, me kike so a duniya?" Ta ce, "In ci abincin da wani ya dafa." Ya yi dogon tunani ya ce, "To, nawa ne kuɗinsa?" Na yi dariya har da hawaye, kuma hawayen ba duka na dariya ba ne. Kana zaune a ɗakina aka nuna shi, na ga kana ƙyaƙyatawa, yanzu kuma ka ce ba ka riƙe komai ba.

Gavin dai na bar maka shi, ni ma ban taɓa son yaron nan ba.

Tun da rabon gurbi ake yi, kai ma na samo maka naka. Ka san kifin robar nan da ke rataye a bangon shagon, baki buɗe, ido buɗe, ba ya gane komai da ake yi a gabansa? Ko kwalliya ba sai an yi maka ba.

Enid

Filey, 20 ga Nuwamba

Wilf,

Gaisuwa, in kana da rai. Wata guda ke nan ban ji ɗuriyarka ba. Kullum in na ji ƙarar akwatin wasiƙa na ƙofa sai in tashi da gwiwar nan, in tarar da takardar tallan labule. Na fara duba shafin mamata a jarida, sai na tuna tamu ba ta kawo na Aberdeen. In fushi kake a kan kifin roba, ka rubuto ka zage ni, na fi son haka. In ciwo ne, ka sa matar da kake haya a gidanta ta rubuto.

Jarida ta buga ra'ayoyin mutane. Wata mata daga Scarborough ta ce a ba mijinta, wai shekara arba'in bai taɓa saya mata alewa ba. Wani limamin coci ya zaɓi kansa. Tawa ba su buga ba. Amma na yi kuskuren gaya wa Mista Sugden na rubuta sunansa, yanzu kullum sai ya taje gashi, yana yi wa masu saye magana da ƙarfi yana kallon sama kamar ana ɗaukarsa hoto. Rowar dai na nan.

Misis Pugh ta tare ni a bakin shinge ta ce, "Enid 'yar uwa, ba za ki ci Kirsimeti ke kaɗai kamar mujiya ba, ki zo gidanmu." Ka san gidan: jikoki goma sha ɗaya da kare mai tari. Suna kunna talabijin ne don su sami abin da za su yi surutu a kansa. Mijinta ya taɓa tambayata, ana tsakiyar shiri, "Wai wanne ne Birtle ɗin?" Shekara talatin da huɗu, Wilf! Na ce mata zan yi shawara.

Ban ba ta amsa ba tukuna.

Enid

Aberdeen, 26 ga Nuwamba

Zuwa ga Enid,

Ina da rai, kuma lafiya lau, in ban da mura da ta zo ta wuce. Ki yi haƙuri da shirun. Sati ɗaya na yi ina fushi da batun kifi. Ran nan ina aske gemu na kalli madubi, baki buɗe, sai na ga kina da hujja. Sauran kwanakin na ɓata su ne wajen tsara rabon gurbi, don ni ba na aikin gaggawa.

Birtle a ba Misis Geddes, matar da nake haya a gidanta. Na san mace ce, a sa mata gashin baki, rabinsa ma akwai. Ta ɗaura zare a jikin bahon wanka don kada ruwan zafi ya wuce shi. Mahaucinki ɗan koyo ne a gabanta.

Doreen ke ce. Kada ki ɗauka zagi ne. Ban san wata mace da za ta miƙo wa mutum shayi da fuskar da ke cewa "ka sha ka tafi", alhali ta riga ta shimfiɗa masa gado ta sa kwalbar ruwan zafi a ciki ba.

Gavin a ba kowa, a kai shi ƙarshen gadar jirgi a tura.

Horace kuwa babu. Na zauna da fensir kwana uku, duk wanda na rubuta sai in goge. Fuskar Arnold kaɗai nake gani, ga shi ko kama ba su yi ba.

Na ji daɗi da kika sami inda za ki ci Kirsimeti. Ki je, cikin mutane ya fi. Ni ma kada ki damu da ni. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgi na dafa abinci a zauren coci ranar, na ji an ce talotalonsu na taunuwa in mutum ya yi haƙuri.

Naki,
Wilf

Filey, 1 ga Disamba

Wilfred Garside,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Gwiwa ta kumbura, kuma kai ne sanadi, don tun da takardarka ta zo nake zagaye ɗaki.

Wata biyu ina yi maka hannunka mai sanda. Na ce na gasa na mutum uku, ka ce in kai coci. Na ce Misis Pugh ta gayyace ni ban amsa ba, ka ce Allah ya kiyaye hanya. Mu mutanen garin nan ba mu iya roƙo ba, ka sani. Uwata ta rasu ba ta taɓa ce wa ubana ya miƙo mata gishiri ba, sai dai ta ce miya ta yi lami ta jira. To ni yau zan zubar da tarbiyyar, tun da da kifin roba nake magana.

Ina so ka zo. Ba na son gidan Pugh, ba na son karensu. Ina tsoron ƙarfe biyar na yammar ranar, lokacin da kiɗan shirin zai tashi ni kaɗai a ɗaki. Tun da Arnold ya tafi ban iya kallonsa ba, da na ji kiɗan sai in kashe in shiga kicin in wanke abin da ke wanke.

Na gane abin da kake nufi da ƙafa uku. Kana nufin don Arnold kake zuwa, yanzu da babu shi ba abin da ya haɗa mu, ni matar ɗan uwa ce kawai, na nesa ma. In haka ne ka faɗa min da bakinka, kada ka ɓuya bayan mai gawayi. Shekara ashirin da biyu ina cire maka ɓawon kifi don ba ka so, ina ɗaukar kaina 'yar uwarka. Ashe ni kaɗai nake kiɗana nake rawata.

Ka amsa min kafin sati. In ba ka amsa ba zan aiko maka Gavin.

Enid

Aberdeen, 8 ga Disamba

Enid,

Ina gaishe ki, kuma ina ba gwiwa haƙuri. Lafiyata ƙalau, sai abu ɗaya da zan faɗa yanzu. Takarda huɗu na yaga kafin wannan.

Wallahi da na rubuta ƙafa uku shirin nake nufi. Sai da na karanta taki na koma na tuna abin da na ce, na ji kunya ta rufe ni. Amma gaskiya ne na yi ta neman hanyar da ba zan zo ba, kuma ba don ke ba ne.

Ba na ji, Enid. Kunnen hagu ya tafi tun 1986, na dama ya bi shi sannu a hankali. Injin jirgi ne ya cinye su. Shi ya sa na ƙi waya. Shi ya sa Misis Geddes ke ce min mutumin kirki, ba ta san duk faɗan da take yi ba ya isowa ba. In mutum na gabana ina kallon bakinsa ina tsintar rabi, sauran in ce "haka ne". Na talabijin kuwa suna juya baya, suna magana cikin kasko. Zamanin Horace na san shi ne don da kunnena na ji shi. Duk abin da ya biyo baya ban san me aka ce ba. Labarin buhun dankalin nan a takardarki na fara jin sa, kuma na yi dariya ni kaɗai. Kin yi gaskiya, Doreen na da baki. Mai yiwuwa ma Gavin na da ban dariya, ban sani ba, gashinsa kawai na tsana.

Za ki ce to dariyar da nake yi fa? Kafaɗar Arnold nake bi. In na zauna a damansa, kafaɗarsa na taɓa tawa. Da ta fara rawa sai in fashe, in ta tsaya in tsaya. Shekara goma sha biyu ba wanda ya kama ni. Sau ɗaya kawai na kusa tonuwa, ranar da atishawa ce ta kama shi ana tsakiyar jawabin Sarauniya na Kirsimeti, na ƙyalƙyale ni kaɗai.

Yanzu in na zo wa zan bi? Zan zauna baki buɗe ina kallon bango, ko in yi dariya inda ake kuka, ki ga abin da na zama. Na fi son ki riƙe ni a mai taurin kai da ki riƙe ni a abin tausayi. Kewar Arnold nake yi ƙwarai, kuma kewar ɗakin nan naki nake yi, har da ɓawon kifin.

Ga shi na faɗa. Kada ki gaya wa matan coci.

Wilf

Filey, 11 ga Disamba

Wilf, sakaran Allah,

Ina gaishe ka da babbar murya, tun da ƙarama ba ta isa. Gwiwa ta saɓe.

Wai ba wanda ya kama ka! A 1989 na ce maka kyanwata ta mutu, ka yi murmushi ka ce, "Madalla, a ƙaro min kaɗan." Wata biyu ina riƙe da kai a zuci. Da na kai ƙara wurin Arnold sai ya ce, "Ke, rabu da shi, ba ya ji. Tun shekara uku na gane." Na ce to mu gaya masa mana, a nema masa abin sawa a kunne. Ya ce, "Kin san jininmu. Ranar da ya san mun sani, ranar zai daina zuwa." Ni kuma da shekaru suka ja sai na ɗauka abin kaɗan ne, tun da kullum ina ganin kana dariya daidai wurin. Ban san dabarar da kuke yi ba sai yau.

Amma yanzu na gane wani abu. Arnold ba ya dariya da kafaɗa. Shekara arba'in da shida ina aure da shi, dariyarsa ta hanci ce, "hm", shi ke nan, ko da rufin ɗaki ne ya faɗo don ban dariya. Ranar Kirsimeti kaɗai yake wannan girgiza kamar tsohuwar mota. Har na taɓa ce masa, "Kai kuwa me ke shiga jikinka in Wilf ya zo?" Ya ce, "Talotalo ne." Washegari kuma sai in shafa masa man zafi a wuya. Na zauna da takardarka a kicin na yi kuka, na yi dariya, na zagi ku biyun.

Akwai maɓalli a talabijin ɗin da ke kawo rubutun magana a ƙasa. Arnold ya san da shi, ya hana a taɓa. Bana zan danna shi, wanda zai ji kunya ya ji. Na gwada jiya, sai dai rubutun na makara, Doreen ta gama magana ta fita kafin ya iso. Saboda haka na fara koyon girgizar. Ina cikin gwadawa a gaban taga Misis Pugh ta hango ni, ta shigo a guje da cokali za ta tura min a baki, wai farfaɗiya ce. Na yi amfani da damar na ce mata ba zan zo ba, ina da baƙo.

Jirgin ƙasa na tashi daga wurinku ƙarfe takwas saura na safe ranar ashirin da uku, ka sauka a York ka canja. Kada ka tsaya jiran sanarwa, ka nuna wa ma'aikaci tikitinka ka ce masa ba ka ji. Ba za ka mutu ba.

Ka zo mu ga Birtle ya soya na ƙarshe. Kafaɗuna ba su kai na yayanka faɗi ba, sai ka matso kusa.

'Yar uwarka,
Enid